Gwangwani na Huɗu: Ta'aziyyar Voula Manolis

Shekara guda bayan ambaliyar saba'in da huɗu, wadda ta tafi da gadar garinmu Warrabinda da rabin tumakin yankinmu, na fara aiki a silimarki. Ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, da hantsi, aikin ya ƙare. 'Yarki Irini ta same ni ina ɗinke tamfol ɗin kujeru, ta ce, "Kawu Clarrie, Mama ta tafi." Na ƙarasa ɗinkin, domin kin tsani aiki rabi da rabi.

Ban yi makaranta ba, kin sani. Irini ce ke rubuta wannan, kuma na hana ta gyara mini ko kalma ɗaya.

A shekarar da na fara aiki masu shirya fim suka zo fakon da ke bayan gari, suka ce ya yi kama da wata duniya. Labarin wasu halittu ne da ruwan duniyarsu ya ƙare. Da tsohon tankin ruwa da kwanon rumfar askin tumaki muka ƙera musu kumbo, ni na buga ƙusoshinsa. Rabin garin aka shafa wa azurfa a fuska. Kamfanin ya rushe bayan shekara biyu, ba wanda ya dawo karɓar fim ɗin, kika ajiye gwangwanayensa shida a ɗakin majigi. Da kika gane ba na iya karanta lambobin, sai kika ɗauko jan fenti kika ɗiga a kan murafen: ɗigo ɗaya, ɗigo biyu, har shida. Shekara hamsin ba ki taɓa gaya wa kowa dalili ba.

Lokacin silima silima ce. Kowane wata sai a kawo labarin da ido bai taɓa gani ba, masu askin tumaki su zo daga nisan mil tamanin da bargunansu, su zauna a fili, taurarin fim a gabansu, na Allah a samansu. Shekarar fari bayan ambaliya kika buɗe ƙofa kyauta wata uku, kina raba wa yara burodi da zaitun. Daga baya abin ya lalace. Labari ɗaya ake ta tatsa, kashi na bakwai, kashi na tara, jarumin da ya mutu bara ya tashi bana. Kikan tsaya a bayan kujeru ki ce, "Dubi kumbon nan, Clarrie. Ba wanda ya daki yatsansa da guduma wajen ƙera shi." Ni kuwa in nuna miki babban yatsana, wanda farcensa bai sake fitowa daidai ba.

Namu fim ɗin dai muna haska shi sau ɗaya a shekara, ranar da aka gama askin tumaki. Kuma kowace Lahadin farkon wata mukan buɗe gwangwanayen, mu warware zaren fim ɗin da hannu ya sha iska, mu shinshina. In tsohon fim ya fara ruɓewa, warin tsami yake yi, kuma yana harbin na kusa da shi kamar ƙazuwa a garke. Tun da ciwo ya ɗauke miki jin ƙamshi, hancina ya zama naki. "To, tsohon kare, me ka ji?" Ni in ce, "Ƙarfe da ƙura, uwar ɗakina."

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na nace a rubuta wannan. Watanni goma sha huɗu da suka wuce na buɗe mai ɗigo huɗu, tsami ya bugi hancina. Kika tambaya, na ce ƙarfe da ƙura. Na mayar da shi cikin 'yan'uwansa.

Na san abin da za ki yi in na faɗi gaskiya. Masu adana tsofaffin finafinai na Canberra, babban birni, sun daɗe suna roƙon ki, suna da ɗakin sanyi da ke tsayar da ruɓa. Amma in ya tafi, ba zai sake hawa majiginmu ba. A cikin gwangwani na huɗun nan ne matata Noelene take saukowa daga kumbo, fuska duk azurfa, tana ƙoƙarin danne dariya don ta hango ni a bayan mai ɗaukar hoto. Daƙiƙa tara ne. Shekara ashirin da rasuwarta, kuma nan kaɗai take motsi.

A asibiti, kwana uku kafin ki cika, kika kama hannuna. "Clarrie, kai ba ka iya ƙarya ba. Duk Lahadin da ka buɗe na huɗu sai ka kau da kai kamar an miƙo maka magani."

Na ce, "To me ya hana ki magana?"

"Matarka ce. Na ce bari ya gama sallama da ita. Amma ka daɗe, mai taurin kai. Akwai matan wasu a na uku da na biyar."

Haka kike. Kin fi son ki jira mutum ya dawo hanya da ƙafarsa. Jiya na shinshina sauran, na uku ya fara tsami.

Allah ya ji ƙanki, Voula, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta. Ya ba Irini da ɗanki Stelios da jikokinki haƙurin rashinki, da duk mutanen Warrabinda da suka taɓa zama a kujerunki. Ranar cika arba'in zan zo coci in ci dafaffiyar alkamar da kuke rabawa, ko da yake kin san ban taɓa son ta ba.

Irini ta ce ita za ta kai fim ɗin Canberra, na ce a'a. Gobe da safe zan jera gwangwanayen a kular da muke sa ƙanƙara, na huɗu da na uku a wata dabam, in ɗaure su a gaban mota, in tuƙa da kaina. In sun miƙo takardar sa hannu, zan ɗiga musu ɗigo shida.