Ranar da Muka Sauke Mai Kalangu a Hanyar Dosso

Ko zan tsufa har in riƙa rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta da tafiyar da muka yi Dosso kallon balo, wato ƙwallon ƙafa, ƴan shekaru bayan samun ƴancin kai. Har yau idan yaran unguwa suka wuce ƙofar gidanmu suna ihun an ci, sai in ajiye abin da ke hannuna har su wuce.

Lokacin ban daɗe da aure ba, ban ma haihu ba. Yamai ba ta kai haka ba, ko gada ba a yi ba, da jirgi ake ƙetare kogi. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, kuma yana cikin masu riƙe da ekip, wato ƙungiyar balo ta unguwarmu. Ni ma ba zan ɓoye ba, ina son balo tun ina kolej, muna leƙen filin samari ta saman katanga. Da na yi aure ni na karɓi wankin rigunan ƴan wasa. In na shanya su a igiya sai in tsaya ina kallo, kamar ni ce zan saka.

A zauren gidan da muke haya akwai wani dattijo, mutumin Adar, makaɗin mahauta a babbar kasuwa. Ba shi da mata, ba shi da ɗa a Yamai. Abin da ya mallaka tabarma ne, da buta, da kalangun da ya gada daga mahaifinsa, wanda katakonsa ya yi baƙi saboda gumin hannu. Baba muke ce masa duka. Ni kuwa ƴar lakwal yake ce mini, wato ƴar makarantar boko. In na kai masa tuwo sai ya buɗe kwanon ya ce, "Ƴar lakwal, wannan miyar a littafi kika karanto ta ko uwarki ta koya miki?" In ce, "Baba, in ba ta yi ba a dawo mini da ita." Ya rungume kwanon ya ce, "Haba, wa ke mayar da kyauta?"

Babu wasan da ekip ɗin nan za ta buga Baba bai je ba. Ba a biyansa, ba a ma gayyatarsa. Kowane ɗan wasa yana da taken da Baba ya yi masa, in ya ɗauki balo zai ji kalangu na kiransa tun daga bakin fili.

A wancan zamanin in za a buga wasa a wani gari, ba a cin abincin garin, ba a shan ruwansa, don tsoron sammu. Shi ya sa aka tafi da ni, ni kaɗai mace, da tukwanena na dambu da tulunan ruwan Yamai. Kuma wani malamin tsibbu da shugaban ekip ya je wurinsa ya gindaya sharaɗi biyu: in mota ta tashi kada ta juya baya ko me ya faru, kuma kalangu ya riga ƴan wasa shiga fili. Na ji lokacin da ake faɗa a zaure, na ce a raina Allah ya raba mu da camfi, na ci gaba da gyaran zogale.

Bayan sallar asuba muka hau kamiyo, babbar motar kaya. Maigida ya zaunar da ni a kusurwa kusa da tukwane, Baba a gefena yana kare ni daga turereniya. Muka bar gari ana waƙa, jar ƙasa na tashi bayanmu, motar na girgiza har haƙora na haɗuwa. Baba yana kiɗa, samari na amshi, wani ya ɗaure tuta a sanda yana kaɗawa. Wallahi na ji daɗin farkon tafiyar nan. Ban taɓa fita Yamai babu iyayena ba sai ranar, har waƙar na riƙa bi a hankali cikin lulluɓi.

Rana ta ɗan ɗaga, ba mu ma yi rabin hanya ba, sai na ji kiɗa ya karkace. Na juya. Sandar kiɗan ta faɗi daga hannun Baba, hannun dama ya saki kamar ba nasa ba, bakinsa ya ja gefe guda, yawu na zuba. Na kira shi, ya dube ni, ya buɗe baki maganar ta ƙi fita daidai. An taɓa koya mana a kolej, kuma na ga irinsa ga kakata. Na san ɓarin jiki ne ke shanyewa.

Na yi ta ihu har aka buga wa direba rufin mota ya tsaya. Daidai wani ƙaramin ƙauyen Zabarmawa ne a bakin hanya. Aka sauko da Baba aka kwantar da shi ƙarƙashin wata bishiyar gawo. Na ce wa shugaban ekip, "Ranka ya daɗe, a mayar da shi Yamai asibiti. Nan ya fi kusa da gida, ba mu yi nisa ba."

Ya dubi hanyar da muka fito, ya dubi ta gaba. Ya ce, "Madam, kin ji abin da malam ya ce. Motar nan ba ta juyawa."

"To a wuce da shi Dosso, a fara kai shi wurin likita."

Direba ya ce a wannan girgizar ba zai kai ba, kuma shi ba ya son gawa a motarsa. Wani daga cikin samarin ya ce, "Zafi ne kawai, Baba ai ƙarfe ne, in ya sha iska zai tashi." Wani ya ce in ba mu isa kan lokaci ba arbitir, alƙalin wasa, zai ba ƴan Dosso wasan a banza, duk wahalar shekara ta tashi a tutar babu. Kowa na magana, babu mai duban inda Baba yake kwance. Na dubi maigidana. Ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta fito daga ƙauyen da ƙwaryar ruwa, tana mana kubayni, wato maraba da Zabarmanci. Ta miƙa wa shugaba. Ya ja da baya kamar ta miƙo masa wuta, don a ganinsa mun riga mun shiga ƙasar abokan karawa. Duk mazan nan babu wanda ya karɓa. Ni na karɓa, na jiƙa bakin gyalena na goge wa Baba fuska.

Aka yanke shawara a bar shi nan a inuwa, in an tashi wasa a biyo a ɗauke shi. Na ce to ni ma na sauka. Maigida ya matso ya ce a hankali, "Ke, wa zai raba abincin?" Na ce, "Duk mai hannu ya iya raba dambu." Ya je ya gaida mai gari, ya ba shi amanata.

Saura kalangu. Yana rataye a kafaɗar Baba, hannun hagu mai sauran ƙarfi ya damƙe tsarkiyar. Shugaba ya ce a karɓo. Wani saurayi ya ja, Baba ya ƙi saki, idonsa ya yi ja, yana wani gurnani. Sai suka ce maigidana ya je, shi Baba ke jin nauyinsa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, aro ne. Da magariba ni da hannuna zan dawo maka da shi." Ya riƙa ɓanɓare yatsun nan ɗaya bayan ɗaya. Ina kallo. Da ya cire na ƙarshe, hannun Baba ya ci gaba da dunƙulewa a kan iska.

Motar ta tashi. Kafin ƙurarta ta kwanta na ji an fara buga kalangun, bugun wanda bai iya ba.

Mutanen ƙauyen suka ɗauke shi zuwa bukkar tsohuwar nan. Zabarmancina na kasuwa ne, Hausarsu ma haka, amma mun fahimci juna. Suka aiki wani mutum a kan doki ya nemo mai allura a wani gari, ya dawo ya ce ya tarar ya tafi Yamai. Na fita bakin hanya na tsaya ko wata mota za ta biyo. A lokacin nan kana iya wuni ba ka ga mota ba. Ɗaya ta zo, cike da buhunan gyaɗa da mutane a sama, ta wuce ba ta ko rage gudu ba.

Na koma na zauna kusa da shi ina masa fifita, ina ɗiga masa ruwa da cokali. Da la'asar ta yi sai ya fara motsi, ya san lokacin wasa ne. Yatsunsa na hagu suka riƙa bugun ƙirjinsa, na gane taken mai tsaron gidan ekip ɗinmu ne yake kaɗawa. Ya ja ni da ido, na kai kunnena. Da ƙyar na tsinci abin da yake faɗa: "An ci?" Na ce, "Baba, ba su dawo ba tukuna." Can ya sake cewa, "Ba su iya matsa shi ba. Za su fasa." Na ce ya bar zancen kalangu ya yi salati. Ya yi wani abu da rabin bakinsa mai kama da murmushi, ya ce, "Ƴar lakwal." Na riƙa laƙƙana masa kalmar shahada, yana bi da leɓe. Ana gab da kiran magariba ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Limamin ƙauyen ya ce a jira mutanensa, tunda sun ce suna tafe, bai kamata a binne baƙo ba nasa ko ɗaya a sahu. Aka jira. Ba su zo ba. Daga baya na ji wai fitilar motar ce ba ta da kyau, wasu kuma suka ce murna ce ta riƙe su. Da gari ya waye, rana ta fara zafi, liman ya ce ba a ƙara jinkirta masa. Maza suka yi masa wanka da ruwan rijiyarsu, ruwan nan da mutanenmu suka ƙi taɓawa. Tsohuwar ta buɗe wani kwando ta fito da farin ƙyalle sabo. Wata ta raɗa mini cewa likkafaninta ne da ta tanadar wa kanta. Liman ya aiko a tambaye ni sunan mamacin da na mahaifinsa. Nasa na sani. Na mahaifinsa ban sani ba, kuma na tabbata duk motar nan babu wanda ya sani.

Ina tsaye a bakin zana na ga sun ɗauke shi, mutanen da jiya ba su taɓa ganinsa ba. Suna kan hanyar dawowa daga maƙabarta, ƙasa a hannuwansu, sai muka jiyo kiɗa daga gabas. Kalangun Baba ne, da ihu, da tuta. Sun ci wasan. Motar ta tsaya, wani saurayi ya diro yana cewa, "Ina Baba? A fito da tsoho ya ji labari! Mun wanke su!"

Liman ya nuna da hannu wajen sabon tudun ƙasa.

Shugaba ya cire hula, ya ce Allah ya jiƙansa, kwanansa ne ya ƙare, ko an koma Yamai ba a tsallake ajali. Ya ƙara da cewa ai albarkacin kalangunsa aka ci. Maigida ya sauko da kalangun a hannu, ya tsaya yana waige-waige, bai san wa zai miƙa wa ba. Na karɓa. Fatar gefe guda ta tsage, kamar yadda Baba ya faɗa.

Da muka isa gida na shiga zaure na naɗe tabarmarsa. Maigida ya biyo ni ya ce, "Ki yi haƙuri. Ni kaɗai ya zan yi da mota guda?" Na ce, "Ni ma ni kaɗai ce na sauka." Ban taɓa mayar masa da magana irin haka ba, kafin ranar ko bayanta. Mun zauna lafiya shekara da shekaru har Allah ya karɓi abinsa, mutumin kirki ne, na yafe masa tuni. Amma ban sake wanke rigar balo ba, shi kuma bai taɓa tambayata dalili ba. Da wasa na gaba ya zo suka aiko a ba su kalangun, wai za su sa a gyara fatar. Na ce a gaya musu mai shi bai dawo ba.

Na yarda da ƙaddara, kuma na san mai yiwuwa ko an kai Baba asibiti ranar ce ranarsa. Ba mutuwarsa ce ke cina ba. Yatsun nan ne da aka ɓanɓare. Mutum ya ba su muryarsa da ƙafarsa da tsufansa, ranar da ya faɗi suka duba suka ga abin da suke buƙata a jikinsa kalangu ne kawai, suka cire suka tafi. Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa ƴaƴana in na ga sun ruɗu da taro: kada yawan masu ihu tare da kai ya sa ka ɗauka kana da mutane. Ka duba wanda zai sauka daga mota in ka faɗi. Kuma in wani ne ya faɗi, kai ka sauka, ko da kai kaɗai ne.