Na Je Yoga, Na Tarar Da Surukata

Wata rana ce guda ɗaya tak, amma tun da ta wuce zuciyata ba ta zauna ba. Ko tuwo nake tuƙawa, abin yana raina. Shi ya sa na ce bari in kawo muku nan, ko Allah zai sa wata ta fi ni hange.

Bari in faro daga farko.

Ni dai gwiwa ce ta kama ni, da ƙugu. An daɗe ana fama. Sallah ma a kan kujera nake yi, irin farar kujerar robar nan ta gidan biki. In kowa ya kai goshi ƙasa, ni sai dai in duƙar da kai.

Na san Allah yana karɓa. Amma ina kewar ƙasa, 'yan uwa. Ina kewar goshina a kan darduma.

Likitan ƙashi ya ce mini magani kaɗai ba zai yi ba, sai ina miƙe jijiyoyi. Sai 'yata Walida ta zo da labarin wani wuri, mata zalla, ranar Asabar da safe. Wai yoga.

Na ce yo me?

Tun daga ranar tsoro ya shige ni.

Na fara da tambayar malamarmu ta Islamiyya. Ta ce in dai miƙa ce da numfashi, ba a kiran wani abu, ba a durƙusa wa kowa, in je. In na ga abin da ban gane ba, in ɗauki takalmina in fito.

Sai tsoron kaya. Wandon da Walida ta kawo mini, wallahi ko hannuna ba zai shiga ba. Na ajiye mata abinta, na sa wandon barci a ƙarƙashin zani.

Sai tsoron da ba a faɗa. Mu da muka haihu mun san cikinmu ba ya riƙe sirri in an lanƙwasa. Har wake na daina ci a satin.

Asabar ta zo. Na naɗe tsohuwar dardumata, tunda an ce a ƙasa ake yi, na hau adaidaita.

A bakin ƙofar wurin takalma ne jere, duk kambas na 'yan gayu. Na kalli silifas ɗina. Na ji kamar in ce wa mai adaidaita ya jira ni.

A kan benci akwai wata dattijuwa, ta girme ni sosai, tana cire safa. Ban san ta ba. Da ta ga yadda na hau 'yar matakalar nan guda, ta gane. Ta ce ita ma daga kujera ta fito, yanzu a ƙasa take sallarta. Sai na ji ɗan sanyi.

Na ɗaga labule.

Innalillahi.

Wadda ke tsaye a gaba tana koyarwa, Zulfa'u ce. Yarinyar da aka kai gaisuwar aurenta watan jiya, wadda ɗana na fari zai aura. Kun san ba na faɗin sunansa.

Sau ɗaya ta taɓa zuwa gaishe ni, a lulluɓe, kanta a ƙasa, ko muryarta ban ji sosai ba. Ɗan nawa ya ce mini tana koyar da motsa jiki. Ni na ɗauka a firamare ne, da yara.

Muka haɗa ido.

Yarinyar nan ta zube ƙasa ta durƙusa a gaban mutane, tana lalubar mayafin da babu. Mata suka juyo gaba ɗaya.

Ni kuwa abin da ya zo mini: yau zan kwanta rigingine, in ɗaga ƙafa sama, a gaban matar ɗana? Ta ga ina nishi? Ta ce mini yi kaza, in yi?

Na saki labule. Na fara neman silifas ɗina.

Dattijuwar nan ta riƙe bakin mayafina.

"Ƙanwata, ina kuma za ki?"

"Hajiya, surukata ce."

"To. Kunyar nan da kike ji, ita za ta kai miki goshi ƙasa?"

Na bar silifas ɗin a inda suke.

Ta ja ni muka shiga.

Na je can layin ƙarshe, jikin bango. Na shimfiɗa dardumata. Ashe tayil ba ya riƙe darduma, ina taka ta sai ta zame, saura kaɗan in kifa. Zulfa'u ta naɗo tabarmar robarta, ta kanta, ta kawo da hannu biyu, ta ajiye a gabana ba ta ɗago ba.

Aka fara.

Kowa tana kiran sunanta. "Anti Larai, miƙe bayanki." "Maman Sadik, ja numfashi." In ta zo kaina kuwa, sai ta ɗaga kai ta kalli fankar sama ta ce, "A ɗan saki kafaɗa."

Har wata ta ce, "Malama, yau fanka kike koya wa?"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma gumi har cikin ɗankwalina.

An zo wani wuri da sai an riƙe wa mutum gwiwa. Ta zo ta tsaya a kaina, hannunta a sake, ta kasa taɓa ni. Ni ma na kasa cewa ta taɓa. Dattijuwar ce ta matso ta riƙe mini, Zulfa'u tana faɗa mata yadda za ta yi, duk da haka fanka take kallo.

Haka aka gama. Alhamdulillahi, cikina ya rufa mini asiri.

Kafin in naɗe darduma, dattijuwar ta tafi. Ko sunanta ban tambaya ba.

Da magariba na rufe ɗaki, na ture kujera gefe, na ce bari in gwada. Na dafa gado. Gwiwa ta taɓa ƙasa. Ɗayar ma ta bi.

Goshi bai kai ba. Saura kamar tafin hannu.

Na zauna a wurin na yi kuka. Rabona da in ga zanen dardumar nan kusa haka, na manta.

To ga inda damuwar take.

Labari ya kai kunnen Yaya Indo, yayar maigidana. Ta zo har gida. Ta ce, "Uwar miji kwance tana wutsil-wutsil a gaban amarya? Gobe in ta shigo gidan nan, da wane ido za ta kalle ki? Girma in ya zube ba a kwashe shi, kin ji na faɗa miki."

Walida ta rantse ba ta san Zulfa'u ce a wurin ba. Ban yarda ba, amma wannan maganar daban ce.

Jiya kuma Zulfa'u ta aiko ta bakin Walida. Wai in zan takura, ita za ta bar ajin Asabar ɗin. Kuma babu wata mace mai koyarwa a wurin sai ita. Ke nan saboda ni matan nan su rasa, har da baiwar Allahn da ta riƙe mini gwiwa.

In na daina zuwa, na koma kujera. In na ci gaba, ban san me zai rage tsakanina da yarinyar nan ba.

Darasi: abin da na kwana ina tsoro, wando da dariyar mutane, ko ɗaya bai cinye ni ba. In lafiyarki na bayan wata ƙofa, ki ɗaga labulen, ko da ƙafarki na rawa. Kuma in kika ga wata tana neman takalminta za ta gudu, ki riƙe mata mayafi.

Amma jibi Asabar, kuma ni har yanzu ban yanke ba.

Don Allah ku tura wa iyaye mata, musamman waɗanda suka aurar da 'ya'ya maza, su ba ni shawara.

Tafin hannu ɗaya ya rage mini. In koma, ko in haƙura da kujerata?