Tsintsiyar Profir Makanike

Profir mijin yayata Raisa ne, makaniken tarakta a ƙauyenmu da ke arewacin Moldova. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, magana kuwa sai ka ce saye yake yi. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya bi ubansa gareji, tun daga nan baƙin mai bai sake fita daga ƙarƙashin farcensa ba. Ranar aurensu da Raisa, mamarmu Agafia ta dubi hannayen nan ta ce, "To, Allah ya sa dai ya iya wanke fuska." Shekara goma sha uku suna tare ban taɓa ganin ya ɗauke kofin da ya sha shayi ba. Ba mugunta ba ce. Haka mazanmu suke, kowa ya tashi ya tarar da mai kwashe masa kwano.

Sai Raisa ta tafi Italiya kamar rabin matan ƙauyen, ta je kula da wata tsohuwa da gidanta. Ta bar masa yara uku: Sanda mai shekara goma sha ɗaya, Tudor mai takwas, da Doina da ba ta cika huɗu ba. An gama tsinkar inabi ta tafi, kafin Kirsimeti gidan ya koma abin da ba ya faɗuwa. Ni a birni nake aure, a Bălți, nakan leƙo duk bayan mako biyu in tarar tuwon masara ya bushe a tukunya, safa a kan murhu, kaza har ɗakin kwana. Shi kuma yana tsaye a tsakiya yana sosa ƙeya.

Wankin Lahadi ne ya ɓallo ruwa. Kwana shida yake aiki, sai ya tara dattin mako uku ya wanke ranar hutunsa, ya shanya a gaban gida daidai lokacin da mata ke fitowa daga coci. A wurinmu gara a kama ka da kazar maƙwabci a cikin riga da a ga wankinka yana ɗiga ranar Lahadi. Mama ta wuce ta gaban shingen ba ta ko juya ba. Da yamma ta tara mu a kicin ɗinta, ta kira Raisa a waya, ta yanke hukunci: Sanda da Tudor su dawo wurinta, Doina ta bi Nastasia birni.

Ni ce Nastasia. Shekarata tara da aure ban haihu ba, don haka ba sai an roƙe ni ba. Ina son yarinyar nan har cikin raina, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wankin Lahadin.

Profir ya ajiye hularsa a kan gwiwa ya ce, "Mama, 'ya'yana ba kaji ba ne da za a raba su gida-gida."

"Kaji ai sun fi su gata. Ko ba komai ana share musu akurki."

Na ce, "Yaya Profir, tsakaninka da Allah, ka san ta inda ake riƙe tsintsiya? Ta kai ko ta gindi?"

"Yi dariyarki, 'yar birni. Ni da nake farke cikin tarakta in mayar, ɗaki huɗu ne zai gagare ni?"

Raisa tana kuka a waya, ta rasa bayan wanda za ta bi. A ƙarshe ta ce a ba shi zuwa Babbar Alhamis, wadda ke kafin Ista, ranar da kowane gida yake gama shafe da wanki. In gidan bai daidaita ba, a yi yadda Mama ta ce. Ta ƙara da cewa, "Mama akwai zafi, kai kuma ko gida na cin wuta cewa za ka yi lafiya lau. Nastasia ce idona. Abin da ta gaya mini shi zan ɗauka." Wato an ba kura ajiyar nama, kuma Profir ya sani, don ya ɗago ya kalle ni kafin ya sa hularsa.

Bai tambayi ko mace ɗaya yadda ake yi ba, domin duk abin da ya shiga kunnen mace a ƙauyen nan a kicin ɗin Mama yake kwana. Da kansa ya zauna ya gano cewa gida inji ne, kuma inji ba a jira sai ya tsaya a ba shi mai. Ya daina tara aiki. Wanki ya koma Litinin da Alhamis, ya kunna injin wanki kafin ya fita, Sanda ta shanya in ta dawo daga makaranta. Tokar murhu ta Tudor ce kullum da safe. Goge ƙasa na Profir ne, a durƙushe da tsumma, wai sandar goge-goge ba ta shiga lungu. Doina ma ba ta tsira ba, ita ke haɗa kowace safa da 'yar'uwarta. Kafin abincin yamma kowa zai miƙe na minti goma sha biyar, ba a zuba miya sai komai ya koma mazauninsa. Lahadi kuwa ko cokali ba a wankewa a inda ido zai gani.

Mazaunin nan ma sai da ya zama abin magana. A gareji kowace sifana tana da zanenta a jikin allo, in ta ɓace zanen ya tona asiri. Sai Profir ya ɗauko baƙin fenti ya zana surar tsintsiya, bokiti, ludayi da jakunkunan makaranta a farin bangon zaure. Da Mama ta ji sai da ta zauna. Ni na zo na yi masa dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, saura ka zana kanka a kan gado, kada ka ɓace."

"In na zana ki a bakin ƙofa fa, ta waje?"

Maza ma ba su ƙyale shi ba. A kantin tsakiyar gari suka sa masa suna Uwargida. In ya shigo sayen sabulu sai wani ya ce, "Uwargida, yau me aka dafa mana?" Wata safiya ya tarar an rataya masa atamfar ɗaura gaba ta mata, mai furanni, a sitiyarin tarakta. Ya ɗaura ta a kan kayan aikinsa, ya wuni da ita, ya tafi da ita gida. Ya ce tasa ta yage dama. Daga ranar ya daina kakkaɓe darduma a bayan gida. Duk Asabar a shingen bakin titi yake rataya su, yana jibga har ƙarar na kaiwa kanti.

Kada a ce bai yi ɓarna ba. Farar rigar makarantar Sanda ta koma ruwan hoda. Farar ƙasar shafe ta cinye masa fatar hannu don ya dama ta ba safar hannu. Ya taɓa goge tagogi da tsumman gareji, sai da suka yi kwana biyu ba sa ganin titi. Amma kuskure ɗaya bai taɓa yinsa sau biyu ba, kuma abin da ya dame ni ke nan. Duk zuwan da zan yi sai in tarar abin kai ƙara ya ragu. Na leƙa bayan murhu, na ɗaga katifa, na shinshina kan yara. Wata rana na sha ruwa na ajiye kofi a taga, Doina tana kan cinyata ta zame ta sauka, ta ɗauke shi ta ce, "Anti, ba nan yake zama ba." Haushi ya kama ni, kamar ni aka yi wa rashin kunya.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika ya yi babbar ɓarnar. A babban ɗaki, wanda ba a buɗewa sai baƙi ko biki, akwai dardumar bango ta gashin tumaki, baƙa da jajayen furanni. Mama ce ta saƙa wa Raisa ita da hannunta, hunturu biyu tana kai. Irin wannan a kan dusar ƙanƙara ake kakkaɓe ta, ko a goge da ruwan sanyi. Profir ya tafasa ruwa, don a saninsa ruwan zafi ne ke fitar da datti. Jan ya zuba ya bi ko'ina, gefe ɗaya ya tsuke ya karkace.

Sanda ta ce a naɗe ta a kai rufin ɗaki, a ce asu ake gudu. Ya ƙi.

Ranar Alhamis muka iso ni da Mama da hantsi. Bango fari tas, gindin bishiyoyi an shafe su har gwiwa, labule na ƙamshin guga. A kan shinge kuwa, a tsakiyar sauran dardumomin, inda duk mai wucewa zai gani, ga dardumar nan a baje. Mama ta tsaya ta daɗe tana shafa ta.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Mama. Ruwan zafi na sa. Ban sani ba, yanzu na sani."

"Kuma don rashin ta-ido ka rataya ta a titi."

"In na ɓoye, yaran nan sun koyi ɓoyewa. Ki zage ni yadda kike so, na ci zagi. Amma darduma na ɓata, ban ɓata yaro ba. Ki shiga ki duba su."

Ba ta shiga ba. Ta ciro wayarta ta miƙo mini ta ce, "Gaya wa 'yar'uwarki abin da kika gani."

Na shiga ni kaɗai. Na hau kujera na shafa saman kabad, na ja gado, na buɗe tanda. Na duba wuya da kunnuwa da farce. Ina nema, wallahi nema nake yi, ko da ɗan abin da zan rataya magana a kai. Da darduma kaɗai ma zan iya, na san Raisa, in na fara da ita kuka zai hana ta jin sauran. Yaran uku suna zaune a kan benci ɗaya a kicin, an yi musu wanka, Doina a tsakiya, kowanne ya riƙe mata hannu ɗaya. Ba wanda ya gaya musu komai, amma sun sani. Profir yana bakin ƙofa ya harɗe hannayen nan da suka sha farar ƙasa. Bai roƙe ni ba, ko da ido.

Na kira, Raisa ta ɗauka tun ƙarar farko. "Nastasia, yaya?"

Na ce, "Mijinki ya dafa dardumar Mama kamar kabeji. Ban da wannan, gidanki ya fi nawa tsabta. Ki bar masa 'ya'yansa."

Na fito, Mama ta karɓi wayarta ta juya ta tafi. Sai da aka yi wata biyu kafin ta sake taka gidan, ranar ma cewa ta yi miyarsa ba gishiri.

Profir ya raka ni bakin titi jiran bas. A nan ya ce, "In an yi hutu ki zo ki ɗauki Doina mako biyu. Biyu fa, ba uku ba."

"Na ji, Uwargida."

Raisa ta yi shekara tara a Italiya, yaran suka girma a gida ɗaya, a hannun ubansu. Har yau shi ke goge ƙasar gidan, ko da yake gwiwa ta fara ba shi wahala. Ni kuwa a ranar na hau bas ni kaɗai, na zauna a kujerar baya na yi kuka har Bălți, ina jin haushinsa, don na san ko an sake ba ni wayar abin da zan faɗa ke nan.