Kawu Tsaye da Damin Iri

Duk wanda ya ce ya taɓa ganin Kawu Mamman a zaune a Illela, to sai dai a zaman tahiya. Tuwo a tsaye, aski a tsaye, wanzami na bin sa da aska yana haɗa shi da Allah. Shi ya sa ake ce masa Tsaye. In ka shimfiɗa masa tabarma sai ya ce, "Wa ya mutu?"

Abin da ya hana shi zama gero ne, wani iri mai doguwar zangarniya. Wai kakansa ya zo da shi tun garin nan bai wuce 'yan bukkoki da rijiya ba, tun ba kasuwar shanu, tun ba a san albasa kuɗi ce ba. Kowa ya koma sabon iri mai saurin nuna, shi kuwa ko kallo. Da malamin gona ya kawo masa kyauta har gida, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya watsa wa kaji. Wai in sun kai baɗi zai duba.

Kowace kaka sai ya ɗora dami guda a ka, ya nufi hayin Nijar a ƙafa. Shekarar da aka rufe iyaka ma'aikata suka tare shi, suka nemi takardar kaya.

"Takardar mi? Hatsin ga ya girme iyakarku. Gaida dangi za shi."

Suka ce ya zauna a yi magana. Ina! Ya dinga zagaya su yana ba su tarihin gari har jiri ya ɗebi babbansu, ya ce a bar tsohon nan ya wuce. Mun sha dariya, amma ba wanda ya tambayi inda yake kai damin.

Ni ya fi takura wa, da yake ni ne ɗan ƙanwarsa mai aikin ofis a Sakkwato. Kullum maganar ɗaya, ranar da ya faɗi wa zai riƙe irin? Ni kuwa in ce akwai lokaci.

Ya rasu ana gab da shuka. Ranar uku mata suka ce a ɗebo hatsin gumbar sadaka. Da rawar kaina na hango wani kyakkyawan dami rataye can saman rumbu, na sauko da shi. Sai da aka daka, aka raba, aka lashe hannu, matarsa Inna ta leƙa rumbun ta fito.

"Ɗan boko, ka ciyar da gari iri."

Kukan da ban yi a maƙabarta ba, a nan na yi shi. Kunya da baƙin ciki suka hana ni zama. Kwana huɗu ina bin gidaje neman irin, har ƙauyukan Gidan Katta da Lafani, ko tsaba ban samu ba.

Ranar bakwai sai ga wani dattijo daga hayi, da dami a kan jaki. Ashe shi Kawu yake kai wa damin, shi kuma dattijon yana shukawa a gonarsa shekara da shekaru. Bayan gaisuwa ya tambayi wane ne na birnin, aka nuna ni.

"Ga ajiyarka. Cewa yay yi ran da yak kwanta in kawo maka, don ya san sai ka yi ɓarna."

Da hannuna na shuka shi, bana har ya fi ni tsawo. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata makwancinsa, ya ba shi hutu. Ya daɗe a tsaye.