Ranar Da Na Bar Masa Gardama

Maigidana ne ya koya mini kallon tanis. Tun yana saurayi ya san wasan, lokacin da ya yi aikin wucin gadi a tsohon otal ɗin nan na bakin tafkin Bagauda, inda baƙi kan buga da yamma. Daga baya ya zama malamin gona, ni kuma ina koyarwa a firamare a nan Kiru. Da muka sa sola muka kafa tauraron ɗan'adam, maƙwabta sun ɗauka don ƙwallon ƙafa ne. Matasan unguwa suka zo sau biyu, suka tarar da mutum biyu suna mayar wa juna 'yar ƙwallo ta saman raga, ba su sake dawowa ba.

Ni ma da farko ban ga abin kallo ba. Ina zama ne kawai kusa da shi ina tsinke zogale, shi kuwa yana ta bayani. Ya ce manyan gasanni huɗu ne a shekara: ta farkon shekara da muke gani da hantsi, ta jar ƙasa a farkon damina, ta ciyawa idan damina ta zauna, sai ta ƙarshe gab da kaka. Kowane zagayen wasa turmi yake ce masa, kamar na dambe.

Zakaru uku ne suka riƙe wasan a shekarun nan. Sunayensu na karya mini harshe, sai muka raɗa musu namu. Akwai Ɗan Gayu, wanda yake wasa kamar ba ya gumi. Akwai Bahago, sarkin jar ƙasa, mai nishi a kowane bugu. Na ukun kuma Roba, don babu inda ƙwallo za ta faɗa bai miƙe ya ɗauko ta ba.

Maigida mai goyon bayan Ɗan Gayu ne, har cikin ransa. Ni kuwa na zaɓi Roba don kawai in tsokane shi. Amma da na lura duk filin da ya shiga 'yan kallo ba sa bayansa, kuma hakan ba ya hana shi ci, sai na soma son sa da gaske.

Shekara da shekaru muna wannan gardama, yawanci a kan tabarma, kwanon tuwo a tsakaninmu.

"Malama, ke lissafi kawai kika sani," zai ce. "Ki dubi yadda mutumin nan yake ɗaga hannu. Ko bai ci ba ka kalli abu."

"Yallaɓai, ai ba rawa aka je yi ba. Su biyun nan idan suka haɗu, wa ya fi cin wani?"

"Naki ya same shi ne bayan ya tsufa."

"To Bahago fa, da shi ma ya fi cin naka? Shi ma tsufan ne?"

"Bahago a jar ƙasa kawai yake da ƙarfi. Manomin da shinkafa kaɗai ya iya ba a ce masa sarkin noma."

Ya san ba gaskiya ya faɗa ba, don Bahago ya ci kowace gasa cikin huɗun, amma bai taɓa barin gaskiya ta ɓata masa gardama ba. Ranar da Ɗan Gayu ya yi ritaya ma bai sauko ba. Cewa ya yi wasan ne ya yi ritaya, abin da ya rage guje-guje ne.

Da bazarar da ta biyo baya Maigida ya faɗi. Yana wajen masu noman rani a Tudun Wada, yana duba musu tumatir, sai aka ga ya zauna a kan kunya, bakinsa ya karkace. Hawan jini ne. Muka yi makonni a asibiti a Kano. Da muka dawo gida, ɓarin jikinsa na dama ba ya aiki, maganarsa kuma ta tafi sai 'yan kalmomi. Yana jin komai, yana gane komai. Sai dai kalmar da yake nema ta ƙi zuwa, ka ga jijiyar wuyansa ta tashi, daga ƙarshe ya saki numfashi ya haƙura.

Yayarsa ta taso daga Doguwa ta zauna da mu don ta taimaka mini. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba. Duk da haka ban kunna talabijin ba tun da muka dawo. Na ga bai dace ba. Amma ina bin gasar jar ƙasa a waya, a ɓoye, lokacin hutun tara a makaranta ko a madafa kafin ruwa ya tafasa. Duk sanda na ga Roba ya tsallake wani zagaye sai in ji daɗi, sai kuma in tuna mutumin da ke kwance a falo, daɗin ya gushe.

Ranar wasan ƙarshe, wata Lahadi bayan azahar, na kai masa kunu. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna talabijin. Ashe yana lissafin kwanakin. Na kalli Yaya, ta ce in kunna masa mana, ko ya ɗan sake.

Roba ya ci, turmi uku a jere. Da wannan kofin ya wuce Bahago a yawan manyan kofuna, Ɗan Gayu kuwa dama ya riga ya bar shi a baya. Abin da na yi shekaru ina faɗa zai faru ke nan. Ban san lokacin da tafi ɗaya ya kuɓuce mini ba. Na yi sauri na haɗe hannuwana a cinya. Da na juya, idonsa na kaina. Yana jira.

Na san abin da zan faɗa da yana lafiya. Da sai na tashi na zagaya tabarmar ina tambayarsa ina maganar tsufa yanzu. Amma na dubi hannun nan da ke kwance a kan matashi, na dubi gefen bakinsa, sai na ji ba zan iya ba.

"Ai kofi ba shi ne komai ba," na ce a hankali. "Ɗan Gayu ya fi su duka. Kai ke da gaskiya tun farko."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa bayan hannu ya ture kofin kunun, ya malale a kan tabarma. Ya juya fuskarsa bango. Ranar bai karɓi abinci daga hannuna ba, Yaya ce ta ba shi.

Ta same ni a tsakar gida ina wanke tabarmar.

"Me kika ce masa ne?"

"Na ce masa shi ke da gaskiya."

"To mene ne abin fushi a nan?"

Ni kuwa na sani. Tun da ya kwanta, kowa ya zo dubiya da muryar lallashin yara yake masa magana. Sannu, ka ci kaɗan, yauwa, ka yi ƙoƙari. Abokansa da suka saba musu da shi kan taki da siyasa, yanzu duk abin da ya nuna sai su ce haka ne. Ni kaɗai na rage, ni ma na bi sahunsu.

Na ba shi haƙuri washegari, ya gyaɗa kai, amma sanyin bai tafi ba sai da gasar ciyawa ta zo. Roba ya sake kaiwa wasan ƙarshe, wannan karon da wani matashi da bai daɗe da fitowa ba. Yaya ta riga ta koma Doguwa don shuka. Na zauna kusa da Maigida, na ce, "Yaron nan wahala kawai zai sha. Naka ma bai iya da Roba a wannan fili ba, balle shi."

Bakinsa ya yi motsi. Na jira.

"A'a," ya ce.

"Za ka gani."

"A'a."

Turmin farko Roba ya yi wa yaron kaca-kaca, na kuwa yi surutu son raina. Daga nan wasa ya juya. Har aka yi la'asar ba a gama ba, sai da aka kai turmi na biyar, matashin ya ci. Maigida ya yi dariya da rabin bakinsa, kafaɗarsa na rawa, hawaye na bin kuncinsa. Ya nuna ni da yatsa, ya nuna talabijin, ya sake nuna ni. Haushi na ji na gaske, ban kuma ɓoye ba. Na ce iska ce ta dami nawa, na tashi na shiga madafa ina mita, ina jin dariyarsa a bayana.

Yanzu maganarsa ta ɗan dawo, da taimakon Allah da na masu gashin ƙashi na asibiti. Muna gardama, amma ba irin ta da ba. Kafin ya haɗa jimla ɗaya na tanadi amsa uku, dole in riƙe biyu. Wani lokaci haƙurina kan gaza in ƙarasa masa magana, sai ya girgiza kai, ashe ba abin da yake nufi ba ke nan.

Akwai wani sabon malami a makarantarmu, mai son Bahago. Kwanan baya muka yi musu da shi a ofishin malamai, da sauri, kowa na katse kowa, har aka kaɗa ƙararrawa ban sani ba. Rabona da jin daɗin magana haka tun kafin ciwon. A hanyar gida na yi ta tunanin ko in ba Maigida labari. Na tarar da shi a ƙofar ɗaki yana gwada ɗaga cokali da hannun dama. Ya tambaye ni yaya makaranta. Na ce lafiya lau, na ajiye jaka, na zauna na riƙe masa kwanon.