Gadar da Aka Yi Mini a Madadin Golmo

Edita, ni tsohon soja ne. Na yi ritaya da igiya biyu a hannu, karatuna kuma ya tsaya a aji huɗu, ba don kaina ba ya ja ba, malamin ne bai iya koyarwa ba. Lokacin da abin nan ya same ni ina zaune a Rikoto, gonar dawata tana hayin rafi, 'yar autata kuma ta gama karatun jinya. Duk unguwa an san ba a kawo mini raini, ko karen gidana ya san haka.

Sai wani yaro ya zo neman 'yar nan. Iyayensa mutanen wajen Ribah ne, shi kuma wai injiniya, yana ƙarin karatu a wata jami'a. Da muka gaisa na ji tafin hannunsa kamar burodi. A wajenmu mai son 'yar mutum golmo yake yi, wato ya tara abokansa su yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru. Ni na yi wa nawa surukin har bayana ya lanƙwashe. Na san duniya ta sassauta, amma ni ba a tuntuɓe ni ba kafin a sassauta. Na nuna masa garma. Ya durƙusa, Baba kaza Baba kaza, wai garma ba za ta amfane ni a hannunsa ba, amma ya ga yadda rafi ke raba ni da gona da damina, in na yarda zai yi mini gadar ƙafa ta ƙarfe da katako. Na yarda ne don in ga iyakarsa.

Ya kawo kwamfuta ya zana gadar a lanƙwashe, kamar an kama tsumagiya an bi da ita tsakanin turaku. Wai kafin a gina sai an gwada yadda za ta girgiza. Ya ce nauyin gada a warwatse yake ko'ina, kowane yanki yana jan na kusa da shi, in aka ce kwamfuta ta bi wannan duka sai ta yi ta nishi kwana da kwanaki. Saboda haka suke tattara nauyin a wurare kaɗan, kamar yadda ake ɗaure dawa dami-dami maimakon a ƙirga zangarniya, sai lissafi ya yi sauri. Amma wai a irin wannan zane mai lanƙwasa, dunƙulewar takan sa kwamfuta ta yi kuskure wajen girgiza mai sauri, kuma aikin karatunsa ke nan, neman yadda za a dunƙule ba tare da an yi ƙarya ba. Lissafin gaggawa ya nuna iska da tafiyar mutane ba komai, amma yaron yana roƙon in ba shi lokaci ya gama dogon lissafin. Na ce masa hadari ba ya jiran kwamfutar uban kowa, ko gada kafin shuka ko ya nemi mata a jami'arsu.

Aka yi gada. Ba zan ɓoye ba, ta yi kyau, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Mata suna wucewa da itace suna sa masa albarka, ni mai rafin babu mai tunawa da ni. Ya kafa sharaɗi wai a riƙa hawa kaɗan-kaɗan, ban da gudu da tsalle, sai ya gama bincike. Ni za a kafa wa doka a hanyar gonata.

Ran wata Asabar na tara tsofaffin da muka yi soja tare, bayan mun ɗan jiƙa maƙoshi, na ce mu je mu duba aikin golmo. Edita, duk wanda ya taɓa sa kaki ya san in an zo gada ana karya taku, kowa ya yi tafiyarsa. Wani tsohon saje ya tuna mini. Na ce wannan dokar ta gadar gaske ce, ba ta wasan yara ba. Na shiga gaba na ba da oda, hagu dama, hagu dama. Kafin mu kai tsakiya gadar ta fara amsa mana, muna dukanta tana ɗaga mu. 'Yata tana bakin rafi tana roƙona in tsaya, ni kuwa na ƙara murya. Gadar ba ta karye ba, kuma wannan ban yafe mata ba. Ni ta ɗauka ta jefa kan dutse, ƙuguna ya tsage.

Ina kwance wajen mai ɗori yaron ya zo da lemo, wai dogon lissafi ya fito, ya nuna taku irin namu ne daidai abin da gadar ba ta so, har ya ƙara mata ƙarafa. Na ce ya fita da lemonsa, kuma babu aure. 'Yata ba ta yi kuka ba. Ta gyara mini matashi, ta ce ta gani da idonta na fi son gadar ta faɗi da mutane a kai da in ce wa yaro sannu. Ina nan kwance aka ɗaura auren a coci, ƙanena ne ya tsaya a matsayin uba.

Abin da na koya shi ne 'yan boko ba su da tausayi. In ka san lissafinka bai ƙare ba, ka sa sarƙa ka kulle gada, kada ka tsaya yi wa tsoho bayani, don bayani tsokana ne. Ku kuma iyaye, in za ku gwada suruki ku gwada shi yarinyar ba ta wurin, domin shi zai manta, ita ba za ta manta ba. Tawa har yau ba ta fasa aiko mini da maganin ƙugu ba. Ɗan kabu-kabu ke kawowa, kuma duk zuwansa sai na tambaye shi ko ta ce a gaishe ni. Yakan ce magani kawai aka ba shi.