Agwagin da Suka Kai Ikrama Khumra

Ikrama Sale ɗan Gusau ne. Shekara biyar ya yi a ƙasar Sin yana karatun injiniya, amma da ya gama, harshen da ya koyo ne ya ciyar da shi. Wani kamfanin fiton kaya a Jidda ya ɗauke shi tafinta, yana mayar da takardun kwantena daga Sinanci zuwa Turanci, ya kai wa manaja mai suna Turki ya sa hannu. Ikrama mutum ne mai shiru-shiru. Daga ofis sai ɗakinsa na unguwar Ammariyya.

A shekararsa ta huɗu a kamfanin wani dattijo Basine, Mista Liang, wakilin masu turo kaya, ya roƙe shi alfarma. Yana da jika a Kanada da ba ta karanta Sinanci, yana so a juya mata wasu tsofaffin waƙoƙin ƙasarsu zuwa Turanci. Ikrama ya karɓa da murna, ganin layi hurhuɗu ne.

Wata uku yana fama. Mawaƙi zai ce agwagin daji ba su iso ba, kowane Basine ya san wasiƙar gida yake jira. In Ikrama ya rubuta agwagi, tsuntsaye kawai yarinyar za ta gani. In ya rubuta wasiƙa, sararin sama ya fita daga waƙar. Haka karya reshen bishiyar bakin kogi, wanda a wurinsu ban kwana ne. Sai ya rubuta ya soke, ya sake rubutawa, a bayan tsofaffin takardun ofis lokacin hutun azahar.

Wata Lahadi ya tarar an taɓa aljihun teburinsa, takardu uku babu. Raed, abokin aikinsa da kullum sai ya tsokane shi, ya daina haɗa ido da shi. In Mista Liang ya shigo sai ofis ya yi tsit. Ikrama ya shiga zargin kowa. Ko Raed ne ke neman kujerarsa? Ko shi dattijon da wata manufa ya zo? Har iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ya riƙa dubawa, alhali ya san da sauran wata bakwai.

Ran Laraba Turki ya kira shi, ya rufe ƙofa, ya shimfiɗa takardun uku a tebur.

"Ya Ikrama, karanta min nan."

"Agwagi ba su iso ba."

"Ka soke, ka sa wasiƙa ba ta iso ba. Kuma a bayan takardar kwantenar da ta maƙale a tashar jirgin ruwa. Su wane ne agwagin? Wane reshe za a karya a bakin ruwa?"

Ikrama ya ce, "Ustaz, wallahi waƙa ce. Mai ita ya fi shekara dubu da rasuwa."

"To me ya sa kake canza masa magana?"

Ikrama ya yi bayani dalla-dalla. Turki ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "In tsuntsu zai iya zama wasiƙa, me zai hana wasiƙar ta zama wani abu?"

Ikrama ya tashi ya koma teburinsa.

Aka aika takardun wurin wani tafinta a Riyad. Bayan mako biyu amsa ta zo cewa waƙoƙi ne, ba komai a ciki. Turki ya miƙa masa su ya ce, "Halas," wato magana ta ƙare. Ikrama ya ƙarasa aikin a gida, ya bar tsuntsayen a cikin baiti, ya ɗan yi bayani a ƙasan shafi. Mista Liang ya karɓa da hannu biyu.

Sai dai tun daga watan aka ɗauke shi daga takardun tasha, aka tura shi sito a Khumra, can gefen Jidda, yana duba alamun kwali. Shekara biyu ke nan yana can. Sau biyu ya nemi a mayar da shi ofis, duka biyun Turki ya dafa kafaɗarsa ya ce, "In sha Allah, ana dubawa."